Manhajar tsara shafi

Manhajar tsara shafi kayan aiki ce ta kwamfuta da ake jera rubutu da hotuna a cikinta, a ga kamannin shafi kafin a kai shi madaba'a. A Nijar masu sana'ar kan kira aikin PAO, taƙaitaccen suna daga Faransanci. A gari irin Maraɗi, da ita ake haɗa ƙananan jaridun da ƙungiyoyin manoma da na mata da makarantu ke rabawa mambobinsu, haka ma katin gayyatar biki da takardun talla.

Tarihi

Kafin zuwan kwamfuta, da hannu ake yanka rubutu a manna a kan takarda mai kauri. A 1985 kamfanin Aldus na Paul Brainerd a Amurka ya fitar da PageMaker don kwamfutar Macintosh, aikin ya dawo kan teburi ɗaya. QuarkXPress ta biyo baya a 1987. Adobe ya sayi Aldus a 1994, sannan ya fitar da InDesign a 1999, wadda manyan gidajen jarida suka fi amfani da ita yau, sai dai kuɗin haya ake biya kafin a yi aiki da ita. Akwai Publisher ta Microsoft, akwai kuma Scribus, wadda kyauta ce kuma ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta. Ga mai koyo da ba shi da hali, Scribus ta wadatar.

Tushen aikin

Abin da ya raba ta da manhajar rubutu irin Word shi ne akwati. Ba a rubutu kai tsaye a kan shafi. Sai an zana akwati an zuba rubutun a ciki, hoto ma yana da nasa. Idan labari ya fi ƙarfin akwati ɗaya, a haɗa shi da wani, ragowar ta gangara can, ko da a shafi na uku ne.

Takardar A4, mai faɗin milimita 210 da tsawon 297, akan raba ta gida biyu ko uku a tsaye, domin ido yana gajiya da dogon layi. Sunan jarida da lambar shafi ana ajiye su sau ɗaya a uwar shafi, su riƙa fitowa da kansu ko'ina. Sai salo: a tsayar da girman kanun labari, da na jikin labari (galibi maki 10 zuwa 12 a ma'aunin girman haruffa), da na bayanin hoto, a ba kowanne suna. Sabon shiga yakan tsallake wannan don gaggawa, ya ƙare yana gyaran kanu ashirin ɗaya bayan ɗaya. Nau'in haruffa biyu sun isa jarida guda.

Haruffa masu lanƙwasa

Nan ne mai tsara jaridar Hausa ya fi shan wahala. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda aka tsayar a 1999, tana amfani da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, alhali a Najeriya an fi rubuta 'y a madadin ƴ. Wanda ke Maraɗi, kusa da Katsina, yakan karɓi rubuce-rubuce daga ɓangarorin biyu, don haka dole ya zaɓi hanya ɗaya ya tsaya a kanta tun daga shafin farko.

Allon bugawa na AZERTY da aka saba da shi a Nijar ba shi da waɗannan haruffa, sai an ƙara manhaja kamar Keyman. Ko an samu an buga su, ba kowane nau'in haruffa ke ɗauke da su ba. Wani lokaci ƙaramin akwati ne ke fitowa a gurbin harafin, wani lokaci kuma manhajar ta aro shi daga wani nau'in, ya fito dabam da ƴan'uwansa a tsakiyar kalma. Charis SIL, Andika, Gentium da Noto duk suna da su, kuma kyauta ne. Jefar da lanƙwasar ba mafita ba ce, domin dauka ba ɗauka ba ce, kuma kafa ba ƙafa ba ce. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, sakaci da wannan ya ƙara zama abin kunya ga mai sana'a.

Kai wa madaba'a

Takardar A3 da aka naɗe biyu tana ba da shafi huɗu, shi ya sa adadin shafukan ke tafiya huɗu-huɗu: 4, 8, 12. Hoto yana son ɗigo 300 a kowane inci, kuma wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto ya riga ya matse, yakan fito dishi-dishi. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, na'urar bugawa kuwa da tawada huɗu da ake kira CMYK, saboda haka launin da ya yi sharr a allo kan dushe a takarda. Idan fotokofi za a yi, gara a tsara komai da baƙi da fari tun farko. Hoton da zai kai bakin takarda a bar shi ya zarce da milimita 3 saboda yanka. A ƙarshe a fitar da aikin a PDF tare da haruffansa a ciki, don kada kwamfutar mai madaba'a ta musanya su da nata, sannan a nemi ya buga kwafi ɗaya a karanta kafin ya saki sauran.