Waiwaye: daga ina gangar mutanen Ayaland ta fito?

Duk wanda ya taɓa kallon makaɗan gargajiya na ƙasar Ayaland zai ga wata ganga mai faɗi, zagayayyen katako ne aka ɗaure masa fatar akuya ta fuska ɗaya, ana dukanta da ɗan guntun sanda mai kai biyu, sunanta bodhrán, su suna cewa "bawran". Mutane da yawa sun ɗauka tun zamanin kakannin kakanni ake kaɗa ta a haka, har wasu na cewa gangar yaƙi ce ta mutanen da, amma gaskiya hujjar hakan ba ta da ƙarfi.

Abin da ya fi zama a raina shi ne asalinta kayan gona ne. Manoma talakawa suna da wani faifai na fata da suke sheƙar hatsi da shi ko su zuba abinci, to in an tashi sha'ani kawai sai a kife shi a hau duka da hannu. Wasu masu bincike kuma sun ce daga tamburan, wata ganga mai kacau-kacau na ƙarfe a gefenta, aka kwaikwayo ta a ƙarni na 19, talaka ba shi da kuɗin ƙarafunan sai ya yi tasa haka nan. A wani zane da Daniel Maclise ya yi a 1833 ma an ga mutum riƙe da irin wannan ganga a wajen biki.

Inda ta fi rayuwa a da kam shi ne kudu maso yamma, wajen Kerry da Limerick, ranar 26 ga Disamba samari kan yi shigar ciyawa su rufe fuska suna bin gida-gida da kiɗa ana ba su ɗan kuɗi, kamar dai tashen mu, bayan nan sai a rataye ta sai wata shekara. Manyan makaɗa ma a lokacin raina ta suke, wai hayaniya ce kawai, kuma wallahi wannan rainin yana min ciwo don mutanen ƙauye ne suka riƙe ta lokacin da babu mai kallonta.

Sai wajen 1960 wani masanin kiɗa, Seán Ó Riada, ya sa ta a ƙungiyarsa ta makaɗa, Ceoltóirí Chualann, Peadar Mercier na kaɗawa, daga baya Mercier ya shiga wata ƙungiyar makaɗa, The Chieftains, suka zaga duniya da ita. Salon danna fatar ta ciki da hannu don a sauya sauti ma sai a shekarun 1970 ya bazu, ta hannun irin su Johnny McDonagh.