Iyakar Hujja da Kwamfuta a Ilimin Lissafi

Wannan fanni yana nazarin tambayoyin da hujja ba ta iya yanke musu hukunci, da matsalolin da babu kwamfutar da za ta warware su. Tushensa ilimin manɗiƙi ne, wato ilimin ƙa'idojin kafa hujja, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukan malaman Sakkwato, sai dai a nan da alamomi da lambobi ake aiki.

A 1928 David Hilbert na Jamus ya nemi hanya guda, ta bin ƙa'ida daki-daki, da za ta tantance ingancin kowace magana ta manɗiƙi. Burinsa lissafi ya zama babu tambayar da ta gagare shi.

A 1931 Kurt Gödel, daga birnin Biyana, ya nuna cewa duk tsarin da ake iya jera ƙa'idojinsa, bai saɓa wa kansa ba, kuma ya ƙunshi tarawa da ninkawa, to akwai maganar gaskiya da ya kasa tabbatarwa. Dabararsa abar sha'awa ce. Ya ba kowace alama lamba, har lissafi ya iya magana a kan kansa, sannan ya gina jimla mai cewa "ba a iya tabbatar da ni a wannan tsari". In aka tabbatar da ita, tsarin ya tabbatar da ƙarya. In aka kasa, ashe gaskiya ta faɗa. Masu cewa wannan ya rushe lissafi sun yi kuskure babba: lissafin rabon gado da na kasuwa suna nan daram.

A 1936 Alan Turing na Ingila ya tabbatar babu manhajar da za ta duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta tsaya ko za ta yi ta aiki har abada, daga nan kuma ya nuna hanyar da Hilbert ya nema babu ita. A ce ɗalibi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta manhajar da ke gwada 4, 6, 8, 10 zuwa gaba, tana neman wadda ba jimillar lambobi biyu marasa rabuwa ba ce (wato lambobin da ba sa rabuwa daidai sai da 1 ko da kansu; misali, 10 ita ce 3 da 7), ta tsaya in ta samu. Da akwai waccan manhajar dubawa, da nan take an warware hasashen Goldbach, mai cewa ba za a taɓa samun irin wannan lambar ba, wanda ya gagari masana tun 1742.

Iyakar ba ta rashin ƙarfin inji ba ce, don haka ƙarin sauri ba ya kawar da ita. A 1970 Yuri Matiyasevich na Rasha ya nuna matsala ta goma cikin 23 da Hilbert ya gabatar a 1900, wato ta gano ko wani nau'in tambayar aljabara yana da amsa a cikakkun lambobi, ita ma ba ta da hanyar warwarewa ta bai-ɗaya.