Jirgin Binciken Soja A Ƙarƙashin Teku: Ina Doka Ta Yarda Ya Nutse?

Manyan rundunonin sojan ruwa suna da wasu jiragen nutso da ba don yaƙi aka ƙera su ba. Aikinsu su sauka inda sauran ba sa kaiwa, a gwada na'urorin sauraron sauti da na sadarwa kafin a ɗora su a jiragen yaƙi. USS Dolphin na Amurka ya yi wannan aiki daga 1968 zuwa 2007, yana nutsewa fiye da mita 900. Shi kuwa NR-1 mai aiki da nukiliya har tayoyi gare shi na tafiya a ƙasan teku, kuma a 1986 da shi aka nemo tarkacen kumbon Challenger.

Dokar da ta shafe su ita ce Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Dokar Teku, wadda aka sa wa hannu a 1982 a Montego Bay ta Jamaika, ta fara aiki a 1994. Ta yanka teku ne gwargwadon nisa daga gaɓa.

Mil 12 na farko (mil ɗin teku mita 1,852 ne) mallakin ƙasar da ke gaɓar ne. Jirgin waje yana iya ratsawa muddin bai zo da cutarwa ba, amma Sashe na 20 ya ce jirgin nutso sai ya taso saman ruwa, ya nuna tutarsa. Sashe na 19 kuma ya sa bincike, awon ƙasan teku da atisayen makamai cikin abubuwan da ke ɓata wannan izini. Idan jirgin soja ya yi kunnen ƙashi, ƙasar za ta umarce shi ya fice nan take, amma ba ta da ikon hawa kansa ta yi kame, domin yana da kariyar ƙasarsa. A mashigan teku irin na Jibralta, da ke tsakanin Turai da Afirka, akasarin masana sun yarda ya wuce a nutse.

Bayan mil 200, ruwan na kowa ne, kuma ƙasar da jirgin soja ke ɗauke da tutarta ce kaɗai ke da iko a kansa.

Rigimar tana tsakanin nan, a yankin tattalin arziki da ya kai mil 200. Sashe na 246 ya ce ba a binciken kimiyya a nan sai da yardar ƙasar gaɓa. Mai nema zai miƙa bayanin aikinsa wata 6 kafin ya fara, in an yi wata 4 ba a ce masa uffan ba, doka ta ɗauka an yarda. Sai dai yarjejeniyar ba ta faɗi mene ne binciken kimiyya ba. Ɗauki na'urar da ke auna zafi da gishirin ruwa a kowane zurfi. Masanin yanayi yana son alƙalumanta don ya fahimci igiyoyin teku. Sojan ruwa yana son su don su nuna masa yadda sauti ke lanƙwasa, wato inda jirgin nutso zai laɓe ba a ji shi ba. Amurka, wadda har yau ba ta rattaba amincewa da yarjejeniyar ba ko da yake ta ce tana bin ƙa'idojinta na zirga-zirga, tana cewa awon soja ba binciken kimiyya ba ne, don haka ba ya bukatar izini. China ba ta yarda ba. Indiya da Brazil ma sun bayyana cewa ba a atisayen soja a yankinsu sai da yardarsu. A ganina hujjar Amurka tana da ƙafa a rubutun dokar, amma da wuya a shawo kan wanda ake awon ƙofar gidansa.

A Maris 2009 jiragen China sun tare USNS Impeccable na Amurka, jirgin saman ruwa mai jan na'urar sauraro, a kudancin tsibirin Hainan na China. A Disamba 2016 kuma sojan ruwan China suka tsamo wata na'urar nutso marar matuƙi ta jirgin Bowditch na Amurka a yammacin Filifin, suka mayar bayan 'yan kwanaki. Amurka ta ce na'urar tana da kariya irin ta jiragen gwamnatinta. Sashe na 29 kuwa, da ya fassara jirgin yaƙi, ya shardanta hafsa mai ba da umarni da ma'aikata masu bin horon soja, ga shi yanzu gwaje-gwaje da dama sun koma kan na'urorin da babu kowa a cikinsu.