Waiwaye: Yadda kwana ɗaya a hukuncin alƙali ke raba mutum da Amurka

A kotunan Amurka za ka ga lauya ya dage yana roƙon a yanke wa wanda yake karewa kwana 364 maimakon 365, ko da kuwa hukuncin na jeka-ka-gyara-halinka ne, mutumin ba zai kwana gidan yari ba. Wanda bai san dawan garin ba sai ya ce ɓata lokaci ne. Amma idan mai laifin baƙo ne, ko da yana da katin zama na dindindin, wannan kwana ɗaya shi ne tsakanin komawa gida wurin iyalinsa da tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da wataƙila rabonsa da ita tun yana goye.

Abin ya samo asali ne tun 1893, lokacin da Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar wasu 'yan China, ta ce korar baƙo ba horo ba ne, harkar mulki ce kawai. Wannan fassara ita ke aiki har yau, shi ya sa a kotun shige da fice gwamnati ba ta ɗaukar wa mutum lauya. Wanda ake tuhuma da kisa ana ba shi lauya kyauta, amma wanda za a raba da matarsa da 'ya'yansa sai ya nemi nasa, ko ya tsaya shi kaɗai.

Da can akwai ƙofar rangwame. Dokar 1917 ta ba alƙalin da ya yanke hukunci ikon cewa kada a kori mutum, kuma maganarsa ta zauna. Majalisa ta soke wannan a 1990. Kafin nan, a 1988, ana tsakiyar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, an ƙirƙiro wani rukuni na "manyan laifuka masu tsanani" da ke jawo wa baƙo kora, wanda da farko kisa ne da fataucin ƙwaya da na makamai kawai. Sai 1996 ta zo da dokoki biyu da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu, jerin ya kumbura. Satar da aka yanke wa shekara ɗaya ta shiga ciki, ko an dakatar da zaman gidan yarin, kuma dokar ta waiwayi laifukan da aka yi shekaru kafin a kafa ta. Sunan rukunin ma yaudara ne: abin da jiha ke ɗauka ƙaramin laifi yana iya faɗawa cikinsa.

A nan ne labarin Jose Padilla ya shigo. Haifaffen Honduras ne, ya shafe sama da shekara 40 a Amurka da takardunsa, ya yi wa ƙasar yaƙi a Vietnam, yana tuƙin tirela. A 2001 aka kama shi a jihar Kentucky da lodin tabar wiwi. Lauyansa ya ce masa ya amsa laifi a yi masa sassauci, kada ya damu da batun takardu tunda ya daɗe a ƙasar. Ya amsa. Ashe da bakinsa ya sa hannu a kan korarsa. Ranar 31 ga Maris 2010 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 7 a kan 2, ta ce wajibi ne lauya ya gaya wa baƙo ko amsa laifi zai jawo masa kora. Mai shari'a John Paul Stevens ne ya rubuta hukuncin.

An yi murna, amma a ganina murnar ta fi abin yawa. Hukuncin bai rage ko laifi ɗaya daga jerin ba, cewa kawai ya yi a nuna wa mutum ramin kafin ya faɗa. A 2013 kuma kotun ta ce waɗanda shari'arsu ta ƙare kafin 2010 ba za su amfana ba.

Abin da hukuncin Padilla ya haifar dai shi ne sabon fanni a aikin lauya. Ofisoshin kare marasa hali, irin na yankin Bronx a birnin New York inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa, har da Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya, sun ɗauki lauyoyin da aikinsu shi ne duba kowace tuhuma da idon dokar shige da fice kafin a amsa komai. Birnin New York ya fara biya wa baƙin da ke tsare kuɗin lauya a 2013. Jihohi irin su Washington da California da New York kuma suka mayar da iyakar hukuncin ƙaramin laifi kwana 364.

A Janairun 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar Laken Riley, wadda ta ce baƙon da ya shiga ba bisa ƙa'ida ba, in aka kama shi da zargin sata, ko ta kanti ce, a tsare shi ba beli tun kafin kotu ta same shi da laifi.