Waiwaye: Inda Boko Ya Rabu da Sana'a

Muhawarar digiri ko sana'a ta sake ɗaukar zafi, kuma masu yin ta na magana kamar jiya matsalar ta ɓullo. Alhali ta daɗe tana tafe.

Tun makarantar Ɗan Hausa, wato Baturen nan Hanns Vischer, da aka buɗe a Kano a 1909, boko a wurinmu hanyar aikin albashi ce: malanta, akawu, aikin En'e. Shirin UPE na 1976, na ilimin firamare kyauta ga kowane yaro, ya cika azuzuwa, iyaye suka riƙe wannan fata. Ba su yi wauta ba, don a lokacin mai takardar sakandare kan samu aiki a masaƙun Kakuri ko masana'antun Bompai.

Abin da aka cika tsallakewa shi ne 1982, shekarar da tsarin 6-3-3-4 ya fara aiki, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a. Manufarsa mai kyau ce ƙwarai: a shekaru ukun ƙaramar sakandare yaro ya taɓa kafinta, aikin ƙarfe, lantarki da noma, daga nan a ga inda hannunsa ya fi faɗawa, wani ya wuce babbar sakandare, wani kwalejin fasaha, wani wurin koyon sana'a. Har injuna aka shigo da su daga Turai. Sai dai makarantu da yawa ba wuta, ba ɗakin aiki, malaman da suka iya injunan ba su isa ba, ga kuɗin da gwamnati ke samu daga ɗanyen mai ya faɗi a daidai lokacin. Kayan suka yi tsatsa cikin akwatunansu. Darasin ya koma kan allo, yaro ya zana zarto, ya haddace sunayen sassansa, ya ci jarrabawa bai taɓa yanka katako ba.

A ganina nan aka yi babbar asara, kuma har yau abin na ci mini rai. Reshen fasaha ya zama matattarar wanda "bai ci ba", kowane uba ya ɗora ransa kan jami'a. Mu ma iyaye da hannunmu a ciki.

Da masaƙun suka rurrufe daga ƙarshen shekarun 1990, sai aka wayi gari takardu sun fi kujerun ofis yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa mai digiri ke gama bautar ƙasa ya koyar a makarantar kuɗi, albashin ya gaza, ya koma POS, ya ja Adaidaita Sahu. Wasu sai sun kusa shekara talatin suke zuwa kasuwar waya ta Farm Centre a Kano koyon gyaran waya, a hannun ogan da bai gama sakandare ba.