Gajiyar murya a wurin tsofaffi

Gajiyar murya yanayi ne da mutum ke jin magana na yi masa wuya yayin da yake ci gaba da yin ta: murya ta yi rauni ko ta dishe, maƙogwaro ya bushe ko ya yi nauyi, numfashi ya yanke kafin a kai ƙarshen zance. Hutu kan sauƙaƙa ta. Tana samun yaro da babba, amma a wurin tsofaffi ba kasafai dalili ɗaya ke kawo ta ba. Lahaninta ya wuce na sauti, domin tsohon da magana ke gajiyar da shi yakan rage shiga hira, ya daina ɗaga waya, har iyalinsa su zaci miskilanci ne ya same shi.

Tarihin bincike

Kafin tsakiyar ƙarni na 19 masana sun san maƙwallato ne ta hanyar fiɗar gawa, ba su ga yadda yake aiki a jikin mai rai ba. A 1854 Manuel García, malamin waƙa ɗan asalin Sifaniya da ke koyarwa a Landan, ya yi amfani da ƙaramin madubi da hasken rana ya kalli tantanin maƙwallatonsa, wanda ke samar da murya, yana motsi, ya kuma gabatar da abin da ya gani a 1855. Wasu sun riga shi gwada irin wannan na'ura, shi ya sa ake saɓani kan wanda ya ƙirƙiro ta. Zuwa ƙarshen shekarun 1850 Ludwig Türck da Johann Czermak sun shigar da madubin cikin aikin likita.

A wajajen 1911 likitan kunne Bafaranshe Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum na ɗaga murya ba tare da saninsa ba idan hayaniya ta hana shi jin kansa. A 1974 kuma Minoru Hirano na Jami'ar Kurume a Japan ya nuna cewa tantanin maƙwallato hawa-hawa ne: tsoka a ciki, da sutura mai laushi da ke kaɗawa a kanta. Yawancin bayanin da ake yi a yau kan tsufan murya a kan wannan binciken ya ginu. Gajiyar murya ita kanta ta daɗe babu ma'aunin da aka yarda da shi. A 2015 ne aka wallafa a Amurka wani jerin tambayoyi da mai larurar ke amsawa don a auna tsananinta.

Abin da tsufa ke yi wa maƙwallato

Ana samar da murya ne idan tantanin nan biyu suka haɗu, iskar huhu ta bi ta tsakaninsu ta kaɗa su, sau ɗari da wani abu a daƙiƙa ɗaya ga namiji, kusan sau 200 ga mace. Da shekaru suka ja, tsokar da ke cikinsu takan motse, suturar da ke sama ta sirance ta rasa laushinta, guringuntsin da ke riƙe da su ya taurare ya koma kamar ƙashi. Sai tantanin su lanƙwashe kamar baka, su bar ɗan giɓi a tsakiya ko da mutum ya so rufe su.

Wannan giɓin shi ne tushen gajiyar. Iska na zurarewa ta cikinsa ba tare da ta zama sauti ba, don haka mai magana yakan yawaita jan numfashi, ya kuma matse tsokokin wuya da na haɓa don ya cike gurbin. Tsokokin nan ba don wannan aikin aka yi su ba, shi ya sa suke saurin gajiya, su bar ciwo ko tsami a wuya da yamma. Muryar tsoho namiji takan ƙara siranta, ta mace kuma takan ƙara kauri bayan ɗaukewar al'ada. Motsewar tantanin ta fi bayyana ga maza.

Huhu ma na da nasa kason. Ƙarfinsa kan fara raguwa a hankali tun daga kusan shekara 35, haƙarƙari ya rage buɗewa, tsokokin numfashi su yi rauni.

Raunin ji

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 25 cikin ɗari na waɗanda suka haura shekara 60 na da raunin ji mai nakasarwa. Wanda ba ya jin kansa sosai yakan ɗaga murya. Haka kuma wanda ke zaune da miji ko mata mai raunin ji yakan wuni yana maimaita magana da ƙarfi, wannan kuwa dalili ne da sau da yawa ake mantawa da shi.

Bushewa, magunguna da muhalli

Tantanin maƙwallato na buƙatar danshi kafin ya kaɗa cikin sauƙi. Idan ya bushe sai an ƙara ƙarfin iska. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar matasa, kuma da yawansu na shan magungunan da ke busar da baki, irin su masu sa fitsari da ake ba masu hawan jini da wasu magungunan mura da ƙaiƙayi. Wani rukunin maganin hawan jini, wanda lisinopril ke cikinsa, kan jawo busasshen tari. Maganin asma na shaƙa kan dishe murya idan ba a kurkure baki bayansa ba. Bai kamata a daina ɗaya daga cikinsu ba sai da shawarar likita.

A ƙasar Hausa lokacin hunturu na haɗa busasshiyar iska da ƙura, ga hayaƙin itacen girki da mata ke shaƙa shekara da shekaru. Limamai, ladanai, malaman tsangaya da masu tafsiri a watan azumi, waɗanda ke doguwar magana ba tare da kurɓar ruwa ba, suna cikin waɗanda abin ya fi shafa, haka ma maroƙa da masu talla a kasuwa. Yawan gyaran murya na goga tantanin da juna. Taba sigari ita ce mafi muni.

Ana yawan ɗora laifi a kan ƙwannafi, wato tasowar ruwan ciki zuwa maƙogwaro, amma likitoci sun yi saɓani kan yawan waɗanda shi ne ainihin matsalarsu. Batun cewa shayi, kofi ko goro na busar da murya shi ma bai tabbata ba.

Cututtukan da ke ɓuya a bayanta

Ba a cewa tsufa ne kawai sai an duba an kawar da sauran dalilai. Cutar Parkinson, wadda James Parkinson ya bayyana a 1817, na sa murya ta yi ƙasa ta rasa hawa da sauka, wani lokaci mai ita bai ma lura ba. Shanyewar ɓarin jiki, karkarwar murya, ƙarancin aikin ƙululun wuya (thyroid) da cututtukan huhu duk kan kawo haka. Jijiyar da ke motsa tantanin tana gangarawa har cikin ƙirji kafin ta dawo wuya, don haka tiyatar maƙoƙo ko ƙari a huhu na iya shanye tantani ɗaya. Sankarar maƙwallato ta fi kama maza masu shan taba da suka manyanta, kuma sau da yawa dishewar murya ce alamarta ta farko. Ƙa'idar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta 2018 ta ce a leƙa maƙwallato idan dishewa ta kai mako 4 ba ta warware ba, a kuma gaggauta idan akwai jini a kaki, ƙari a wuya, ko wahalar haɗiya da numfashi.

Kulawa

Matakin farko shi ne atisayen murya a hannun ƙwararre, tare da shan ruwa, amfani da lasifika ga masu doguwar magana da gyara matsalar ji. Yin shiru gaba ɗaya ba magani ba ne, domin tsokar da ba a aiki da ita ƙara motsewa take yi. Idan giɓin ya yi faɗi, ana iya yi wa tantanin allurar cikawa, ko a yi tiyatar da Nobuhiko Isshiki na Kyoto ya bayyana a 1974, wadda ke tura tantanin zuwa tsakiya.