Allurar bayan tiyata ba ta ɗaure jinin biƙi

A Maradi an daɗe ana cewa jinin da mai jego ke zubarwa dauɗa ce, gara ya fita duka. Don haka in an ciro ɗa ta tiyata aka yi wa uwa allura, sai ka ji kaka tana ƙorafi wai an ɗaure jini a ciki, ciwon mara zai biyo baya.

Ba haka abin yake ba. Inda mabiyiya ta rabu da mahaifa, jijiyoyin jini a buɗe suke, kuma a ƙarshen ciki kusan rabin lita ke ratsa wurin a minti ɗaya. Jini ne mai kyau, na jikinta. Abin da ke rufe jijiyoyin shi ne mahaifa ta ƙanƙance ta yi tauri, aikin da allurar oksitosin ke sa ta yi ke nan da zarar an fito da jariri. Shi ya sa ungozoma ke danna mara ta ji ko ta yi ƙarfi.

Matsalar oksitosin ita ce sai an ajiye ta cikin firij, ga kuma zafin bazararmu. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da karbetosin mai jure zafi, wata allura mai irin aikin oksitosin, akwai kuma ƙwayar misoprostol da ita ma ke sa mahaifa ta ƙanƙance.

Jinin biƙi zai ci gaba da zuwa kaɗan-kaɗan har wajen arba'in, da allura ko babu. Amma in ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin awa guda, ko guda-guda na fita, ko jiri ya kama ta, a koma asibiti nan take, kada a tsaya jiƙa magani.